An ƙone jar ƙwaya, to wa zai faɗa wa matar mashayi cewa ƙishirwar tana da magani?

Tun daga watan Fabrairun 2025, lokacin da sashen bincike na BBC ya fitar da rahotonsa kan kamfanin Aveo Pharmaceuticals na birnin Mumbai a Indiya, maganar jar ƙwaya ba ta sauka daga bakin mutanen Ghana ba. Rahoton ya nuna yadda ake haɗa tafentadol da karisofrodol a ƙwaya ɗaya, haɗin da babu wata ƙasa a duniya da ta amince da shi a matsayin magani, a zuba a kwali da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225, a turo mana nan Ghana da Najeriya da Kodebuwa. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Indiya ta hana yin haɗin da fitar da shi. A watan Maris jami'an kwastan suka tare kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema, ma'aikatar matasa ta buɗe gangamin "Red Means Stop", daga baya aka tara kwalaye aka cinna musu wuta a gaban 'yan jarida. A Tamale kuwa 'yan sa-kai ne suka riƙa bin lungu-lungu suna ƙwacewa.

Duk wannan ya yi, ba mai cewa kada a tare kwantena. Sai dai akwai tambayar da hayaƙin ƙone-ƙonen ya rufe. Mutumin da ya riga ya kamu, wanda ya shekara uku ko biyar yana haɗiyar 225 kafin ya hau babur, ko ya ɗauki buhu a kasuwa, ko ya gangara ramin galamsey, ranar da ƙwayar ta yi tsada ko ta ɓace, ina zai nufa? Gida zai koma. A gidan kuma matarsa zai tarar. Ita ce za ta ga gumin da rawar jikin da masifar tsakar dare, ita ce za ta tura yara ɗakin maƙwabta, kuma ita ce a duk gangamin nan ba wanda ya yi wa magana.

Mun taɓa ganin irin wannan, kuma ba da daɗewa ba. A 2018 taramol ne ake yayi. A watan Afrilun shekarar Indiya ta sa shi cikin magungunan da dokar miyagun ƙwayoyi ke sa wa ido, a watan Mayu Najeriya ta hana maganin tari mai kodin, mu ma nan Ghana aka hana shi, aka kuma taƙaita taramol ga mai ƙarfin 50 da 100 a hannun likita. Me ya biyo baya? 'Yan kasuwar suka koma tafentadol, wanda ya ninka taramol ƙarfi sau biyu zuwa uku. An toshe ƙofa ɗaya, masu buƙata suna nan yadda suke, sai sunan da ke kan kwalin ya canza. Muddin ba a yi wa masu shan magani ba, haka za a yi ta yi.

A zangonninmu, daga Nima da Mamobi zuwa Aboabo, shawarar da ake ba matar mashayi ba ta wuce biyu. Dangin miji su ce ki yi haƙuri, ki dage da addu'a, ki rufa masa asiri. Ƙawaye da 'yan'uwanta su ce wannan ba zai shiryu ba, ki nemi takardarki. Haƙuri da addu'a babu mai ja da su, kuma akwai auren da fita daga cikinsa ita ce mafita. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai ilimin da ya kamata ya kai kunnenta: menene ke faruwa a jikin maigidan, wane lokaci ne ya fi haɗari, kuma wane magani likitoci ke da shi. Don akwai shi, ya fi shekara hamsin a duniya.

Taramol da tafentadol da kodin da mofin da heroin duk 'yan gida ɗaya ne, dangin ofiyom. A ƙwaƙwalwar kowannenmu akwai wasu wurare, mu kira su kujeru, da aka tanada domin sinadaran rage zafi waɗanda jiki ke yi da kansa. Ƙwayar tana zuwa ta zauna kan kujerun nan da ƙarfin da ya fi na jiki nesa ba kusa ba. Idan abin ya daɗe, jiki ya saba, ya gyara duk aikinsa bisa cewa ƙwayar tana nan kullum. Daga nan mutum ya daina sha don jin daɗi, sai don ya iya miƙewa tsaye kamar kowa. Ranar da ta yanke, abubuwa biyu ne ke tasowa, kuma rashin bambanta su ne ke jefa iyalai cikin ruɗu.

Na farko shi ne ciwon yankewa. Yakan fara awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, gudawa, amai, rashin barci. Mata da yawa sun sayi maganin maleriya sau uku kafin su gane ba maleriya ba ce. Wannan yakan lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Taramol yana da ƙari a kan haka, saboda ban da rage zafi yana taɓa sinadaran da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa, shi ya sa mai barinsa kan gamu da firgita da faɗuwar gaba da ruɗewa, wani ma ya riƙa ji ko ganin abin da babu. A nan ne ake cewa iska ce ta shige shi, a tafi neman mai ruƙiyya. Ita kuma jar ƙwayar tana ɗauke da karisofrodol, maganin sassauta jijiyoyi da hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a janye daga kasuwa tun 2007, kuma yanke shi farat ɗaya na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Saboda haka wanda ya daɗe yana shan ja da yawa, ba a ɗaki ake kulle shi a ce ya daure ba.

Na biyu shi ne wanda na kira ƙishirwar ƙwaya, kuma shi ne ainihin abokin gabar. Ciwon jiki ya wuce, mutum ya yi ƙiba, ya koma sahun salla, kowa ya yi hamdala. Amma ƙishirwar tana nan kwance, watanni, wani lokaci shekaru. Wucewa ta tashar da ya saba tsayawa na iya tada ta. Ganin tsohon abokin aiki, ranar karɓar kuɗi, ciwon baya bayan wuni a kan babur, ko faɗan da bai kai ya kawo ba da uwargida. Sai ki ga mutumin da ya rantse miki jiya da hawaye ya koma gidan jiya. Ba lallai ƙarya ya yi miki ba, kuma ba don ba ya son yaransa ba ne. Ƙwaƙwalwar ce ba ta gama warkewa ba.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci a duk rubutun nan. Lokacin da ya fi haɗari ga mashayi ba lokacin da yake sha kullum ba ne, lokacin da ya daina ya koma ne. Iyakar taramol da likita ke yarda babban mutum ya sha a rana miligiram 400 ne, kenan ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta wuce iyaka. Akwai masu haɗiyar biyar ko shida su tafi aiki, don jikinsu ya saba. To wannan sabon yana zubewa cikin 'yan makonni kaɗan da dainawa. Idan mutum ya yi mako uku bai sha ba, sannan ya koma kan shidan da ya saba, jikinsa ya zama kamar na sabon shiga, ƙwayar ta danne numfashi, ya kwanta bai tashi ba. A ƙasashen da ake ƙirga irin wannan mutuwa, an daɗe da sanin cewa makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko daga gidan gyaran hali su ne suka fi cin rai. Mu nan sai a ce barci ya yi, kwana ya ƙare, a yi jana'iza kafin la'asar.

Mu da muke azumi ya kamata mu kula da wannan sosai. Akwai bayin Allah da ke ɗaure niyya su bar ƙwaya albarkacin Ramadan, su sha wahalar kwanakin farko, su ƙarasa watan lafiya. Abin yabawa ne. Amma daren salla da kwana biyun da ke biye, lokacin da abokai suka haɗu ga kuɗi a aljihu, shi ne daidai yanayin da na bayyana. Matar da mijinta ya yi irin wannan ƙoƙari, ranar salla ba ranar sakin jiki ba ce.

Wannan dalilin ne kuma ya sa ɗaure mutum da mari ba magani ba ne, ban da cewa zalunci ne. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a sansanonin addu'a na Ghana, hukuma ta bayyana hana ɗaurin a 2017, kuma ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a unguwar Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, inda aka fito da mutane sama da 300. Wanda aka ɗaure wata uku zai fito ba ƙwaya a jininsa, haka ne. Zai fito da ƙishirwarsa cif, da jikin da ya daina sabo, da haushin waɗanda suka kai shi.

To menene a hannun likitoci? Magunguna uku ne aka sani a duniya, kuma kowanne da yadda yake mu'amala da kujerun da na ambata.

Metadon shi ne dattijonsu. Likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka fara nuna amfaninsa ga masu shan heroin a tsakiyar shekarun 1960. Shi ma ɗan gidan ofiyom ne, amma yana shiga a hankali ya daɗe a jiki, sau ɗaya ake shan sa a rana. Idan an daidaita adadin, yana zama kan kujerun ya kashe ciwon yankewa da ƙishirwar baki ɗaya, ba tare da hawa da saukar da ƙwayar titi ke yi wa mutum ba. A farko a gaban ma'aikacin jinya ake sha kullum, kuma ba maganin mako biyu ba ne, galibi ba ya yin ƙasa da shekara.

Bufrenofin kuma a ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke. Yana riƙe kujerar gam, amma ba ya kunna ta gaba ɗaya, don haka haɗarin ya tsayar da numfashi bai kai na metadon ba. Sau da yawa ana haɗa shi da nalokson, kamar a Suboxone, don hana mutane yin allura da shi. Yana da sharaɗi guda mai tsauri: sai ciwon yankewa ya fara ake ba da shi. Idan aka ba mutum da ƙwaya a jikinsa, zai tunkuɗe ta daga kujerar nan take ya jefa shi cikin ciwo mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufrenofin cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba tun 2005, kuma bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna wanda ke kan ɗayansu haɗarin mutuwarsa yana raguwa da kusan rabi ko fiye.

Na ukun, naltirekson, hanyarsa daban. Ba ɗan gidan ba ne, ba ya sa maye ko kaɗan, ba a kuma kamuwa da shi. Zama yake yi kan kujerar ya hana kowa zama, ko mutum ya sha ƙwaya ba zai ji ta ba. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu ko ɗigon ofiyom a jiki ake farawa, likita kuma zai duba hanta. Akwai na ƙwaya kullum, akwai na allura sau ɗaya a wata. Raunin na ƙwayar shi ne mutane kan ajiye shi ranar da ƙishirwar ta taso, shi ya sa ya fi aiki idan akwai wani a gida da ke miƙa shi kowace safiya, bisa yardar mai sha. Na ce bisa yardarsa. Kada wata ta ji labarin maganin ta nemo ta zuba masa a koko a ɓoye, don idan da ƙwaya a jikinsa, ita da kanta za ta kwashe shi zuwa asibiti. Kuma wanda ya bar naltirekson ya koma sha yana cikin haɗarin nan na jikin da ya daina sabo.

Ban da waɗannan akwai magungunan da ke rage wahalar kwanakin farko kawai, irin su kulonidin da na gudawa da na amai. Suna taimakawa a ƙetare makon farko, amma ba sa taɓa ƙishirwar. Asibiti ko gidan gyara da ya ce "mun wanke masa jini, ya warke" bayan kwana goma, wannan kawai ya yi.

Na san abin da wasu za su ce, don kullum shi ake faɗa: ai wannan canza ƙwaya da ƙwaya ne. Maganar ba shirme ba ce gaba ɗaya. Metadon ofiyom ne, ana iya karkatar da shi kasuwa, ɗan kaɗan daga cikinsa na iya kashe ƙaramin yaro, haɗa shi da giya ko ƙwayar barci irin su diyazefam kuma na iya kashe babba. Ƙasar da taramol ya fi ƙarfin shagunan kemis ɗinta tana da hujjar yin taka-tsantsan. Sannan metadon ya fi taramol ƙarfi sosai, don haka ba kowane mai shan taramol ne ya dace da shi ba. Ga wani, likita zai zaɓi rage masa adadin a hankali cikin makonni, ga wani bufrenofin, ga wani naltirekson bayan ya tsaya. Duk wannan hujja ce ta a sa ido a kan yadda ake ba da maganin, ba ta a hana shi ba. Mutum biyu ne: ɗaya yana tashi da asuba yana neman kuɗin ƙwayar da bai san abin da ke cikinta ba, ɗaya yana shan adadin da likita ya auna, ya tafi aikinsa da hankalinsa, ya dawo da cefane. A tambayi matansu ko abu ɗaya ne. Malamanmu ma sun san bambancin abin da aka sha don maye da wanda likita ya ba mara lafiya bisa lalura, ba su hana mai ciwon daji mofin ba. Abin da ya rage shi ne su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa su ji bayanin daga tushe, kafin mutumin farko da aka ɗora kan maganin ya ji an kira shi mashayi daga kan mumbari. Har lokacin shan maganin a watan azumi abu ne da likita zai iya tsarawa idan an tambaye shi tun Sha'aban.

To ke uwargida, ina naki aikin? Akwai wani tsari da Robert Meyers da abokan aikinsa suka gwada a Jami'ar New Mexico ta Amurka, ana kiran sa CRAFT, inda iyalan ake koya wa, ba mashayin ba. A gwaje-gwajensu kusan biyu cikin uku na waɗanda da suka ƙi zuwa asibiti sun yarda sun je. Abin da suke koyarwa ba baƙo ba ne a wajen matan da suka iya zaman gida. Ba a magana da mutum yana cikin maye, ba a kuma yi a gaban yara ko baƙi. Ki faɗi abin da idonki ya gani da abin da ya tsorata ki, "jiya na tashe ka sau uku ba ka motsa ba, na ɗauka ka tafi", maimakon jero masa laifuffukan shekara biyar. Ranar da ya wuni garau ya ga bambanci a fuskarki da tukunyarki. Ranar da ya sha kuma kada ki share masa hanya: ba ke za ki biya bashin mai sayarwa ba, ba ke za ki kira mai babur ki ce masa zazzaɓi yake yi ba. Kuɗin makaranta da na haya su zauna a MoMo ɗin da bai san lambar sirrinsa ba, ko a hannun wanda kika amince da shi. A aji muna gane gidan da abin ya shiga tun kafin a faɗa mana: yaron da bai taɓa rasa littafi ba sai ya fara zuwa ba kuɗin abinci, yana gyangyaɗi tun ƙarfe tara.

Idan ya yarda za a je asibiti, ki bi shi, ki kuma tafi da kwalin ko ledar ƙwayar da kika tsinta a aljihunsa. Wannan ɗan abin yana da amfani fiye da yadda ake zato, don tsarin mai taramol zalla daban ne da na mai jar ƙwaya. Ku faɗi adadin gaskiya. Ku tambaya kai tsaye: bayan kwanakin farko, wane magani ne zai riƙe ƙishirwar, a ina ake samun sa, nawa ne a wata? Idan ciwon baya ko na ƙugu ne ya fara kai shi ga ƙwayar, a duba ciwon, in ba haka ba zai mayar da shi. Akwai kuma maganar da kunya ke hana faɗa: maza da yawa don harkar shimfiɗa suka fara taramol, alhali daɗewa a kan ofiyom rage sha'awar namiji yake yi. Bayan dainawa abubuwa kan rikice na ɗan lokaci kafin su daidaita, kuma gori a wannan lokacin ya mayar da mutane da yawa wajen mai ƙwaya.

Alamun da ba a jira da su kuwa, kowa a gidan ya san su. An tashe shi bai tashi ba, yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, numfashi jefi-jefi, leɓe da farce sun yi toka-toka, baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura. Ba a ɗura masa madara ko manja, ba a sheƙa masa ruwa a bar shi ya "huce". A kwantar da shi ta gefe, a kira 112 ko a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa. Akwai allurar nalokson da ke farfaɗo da numfashi cikin mintuna, amma ƙarfinta na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, ba ta aiki a kan karisofrodol, a kan taramol ma ba ta gama komai. Ko ya farfaɗo ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya zauna a asibitin.

Sai dai a gaya wa matar nan gaskiya: ba ita ta sa masa ciwon ba, ba kuma ita za ta cire shi ba. Idan ya koma sha bayan wata huɗu, ba girkinta ko bakinta ba ne, a koma wajen likita a gyara tsarin. Kada ta ɗauki kayan ita kaɗai. Rufin asiri daban, ɓoye cuta daban. A samu mutum ɗaya daga danginsa, wa ko kawu, wanda yake jin nauyinsa kuma bakinsa ba ya yawo. Idan kuma abin ya kai ga duka, ko sayar da kayan ɗakinta, ko barazana ga yara, to maganar ta tashi daga jinya. Waliyyinta yana nan, liman yana nan, sashen DOVVSU na 'yan sanda yana nan, dokar hana cin zarafi a gida ta 2007 ma tana nan. Komawa gidan iyaye har ya fara magani ba cin amana ba ne, wani ma sai ya ga ɗakin wayam yake yarda ya je asibitin.

Na yi ta cewa "ita" saboda yawanci haka abin yake, amma akwai gidajen da matar ce ta kamu, ta hanyar maganin tari ko maganin ciwon da aka fara bayan haihuwa ko tiyata. A nan mazanmu ba su cika haƙurin da suke nema a yi da su ba, takarda ce ke fitowa kafin a yi maganar likita. Maigida ya sani, idan tana da juna biyu kada a tilasta mata yankewa farat ɗaya, don hakan na iya taɓa cikin. A faɗa wa ma'aikatan awon ciki gaskiya. A irin wannan hali metadon ko bufrenofin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a kan yankewa.

Duk wannan bayanin yana cin karo da katanga ɗaya: ba a kowane asibiti ake samun magungunan nan ba, kuma nan ne hukuma take da bashin amsa. Ba wai abin ya gagari Afirka ba ne. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili da ke Darussalam tun 2011. Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a Dakar a ƙarshen 2014. Mu kuwa dokarmu ta riga aikinmu nisa. Doka mai lamba 1019 ta 2020, wadda ta kafa hukumar NACOC, ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin shansa tarar sidi 2,400 zuwa 6,000 maimakon shekaru a kurkuku, ta kuma tanadi asusu na musamman don jinyar waɗanda suka kamu. Amma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku da muke da su, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Mutumin Tamale ko Wa ko Bawku sai sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ko ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa na asibitin gunduma, kuma nan ne ya kamata kowace mata ta fara tambaya. Da inshorar lafiya ta NHIS ta shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa guda huɗu cikin abin da take biya a ƙarshen 2024, jarabar ƙwaya ba ta cikinsu. Gidajen gyara masu zaman kansu kuwa kuɗinsu ba na matar ɗan okada ba ne.

Mu mutanen zango ba mu rasa ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba. Hukumar NACOC a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida take, ministan da aka naɗa a farkon 2025 kuma, Alhaji Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase ne. Sarakunan zango da ofishin Limamin Ƙasa suna da bakin da ake ji. Abin da za su nema ba shi da yawa: nalokson a kowane asibitin gunduma da kowace motar ɗaukar marasa lafiya, cibiyar gwaji ta bufrenofin da metadon ko da guda ɗaya a Kumasi ɗaya a Tamale, da shigar da jinyar jarabar ƙwaya cikin katin inshora. A watan Nuwamba ake karanta kasafin kuɗin ƙasa. Kafin lokacin, 'yan majalisarmu su tashi a zauren su tambaya sidi nawa ne ya shiga asusun jinyar nan tun 2020, kuma mutum nawa aka yi wa magani da shi.